Kiɗan Da Ya Sauya Wa Samarin Duniya Sutura

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen fataken goro da na shanu da suka kafa unguwar Sabo tun 1916, mu ƙetare teku mu leƙa Amurka da Ingila. Dalili kuwa shi ne, in an gama maganar kasuwa a zaurukanmu da majalisunmu, babu wadda ke biyo baya kamar maganar shigar yaranmu. Wannan ya ce ɗansa ya ƙi kaftani sai wandon jins, wancan ya ce nasa ya tara gashi a goshi kamar zakara, wani kuma ya ce ai zama cikin Yarabawa ne ya jawo mana. To, Yarabawan ma kuka suke yi da nasu 'ya'yan, domin su ma ba su suka ƙago abin ba. Wandon nan da askin nan suna da asali, suna da shekarun da suka fito, har da sunayen mutanen da suka yaɗa su. In an bi sawun abin a hankali kuwa, sai ya kai mu ga wani kiɗa da ake kira rok-an-rol, wanda ya game Amurka tsakanin 1954 da 1959.

Kafin a zo ga kiɗan sai an san masu rawar. A da, a ƙasashen Turawa, mutum ko dai yaro ne ko babba, kamar yadda yake a wurinmu. Ɗan talaka in ya kai shekara 14 ko 15 sai ya kama aiki a gona ko masana'anta, a yanka masa kwat irin ta ubansa, ƙarama dai. Yarinya kuma ta yi shigar uwarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, Amurka ta samu wadata irin wadda ba ta taɓa gani ba. Yara suka riƙa daɗewa a makarantar sakandare har shekara 18, iyaye na ba su kuɗin kashewa, su kuma suna 'yan ayyukan yamma, raba jarida, wankin mota, rainon 'ya'yan maƙwabta. Ga kuɗi a aljihu, ga shi babu mata, babu 'ya'ya, babu kuɗin haya. 'Yan kasuwa, waɗanda hancinsu ya fi na kowa jin ƙanshin kuɗi, su suka fara lura. Tun 1944 aka fara buga mujallar Seventeen don 'yan mata zalla. Ya zuwa 1959 mujallar Life ta ƙiyasta cewa matasan Amurka na kashe dala biliyan 10 a shekara. Ka ji fa, yaran da ko gemu ba su fara ba!

Sai kuma kayan sauraro. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ɗan ƙaramin faifai mai juyawa sau 45 a minti, wanda ba ya fashewa kamar tsohon faifan garmaho, kuma kuɗinsa bai kai dala guda ba. A 1954 aka fara sayar da ƙaramar rediyo ta aljihu mai aiki da batir. Kafin nan rediyo babban akwati ce a tsakiyar falo, maigida ke zaɓar tasha, kowa ya saurari abin da ya zaɓa. Yanzu kuwa yaro sai ya shige ɗaki da tasa ya rufo ƙofa.

Abin da yake saurara a bayan ƙofar nan shi ne kiɗan baƙaƙen fata. A lokacin, a jihohin kudancin Amurka doka ta raba farare da baƙaƙe a makaranta da motar haya da gidan abinci, har famfon shan ruwa kowa da nasa. Amma doka ba ta iya tsare iska. Kiɗan da jikokin bayi suka raina a gonakin auduga da majami'unsu da gidajen rawarsu ya riƙa shiga ɗakunan 'ya'yan farare ta rediyo da daddare. Wani ma'aikacin rediyo a birnin Cleveland, Alan Freed, ya fara saka irin waɗannan fayafayai a 1951, kuma shi ya yayata sunan rok-an-rol. Ran 21 ga Maris 1952 ya shirya wasa a wani babban zaure, jama'a suka yi cincirindo fiye da yadda zauren zai ɗauka, hukuma ta tsayar da wasan tun bai yi nisa ba.

A nan akwai abin da ya kamata mu gyara, domin da yawa sun ɗauka makaɗan ne suka kawo wandon jins. A'a, wandon ya girme kiɗan da shekara 80. Ran 20 ga Mayu 1873 wani ɗan kasuwa a San Francisco, Levi Strauss, da wani tela, Jacob Davis, suka yi rajistar dabarar buga ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu don kada ya yage. Wandon leburori ne, na masu haƙar ma'adinai da makiyaya da manoma, ba wanda zai sa shi ya je taron mutunci. Launinsa kuwa, jama'a, ba baƙonmu ba ne. Baba ne, shunin nan da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano shekaru aru-aru, sai dai tun 1897 Jamusawa suka fara harhaɗa shi a masana'anta. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Kuma da yake baba a bayan zare yake zama, ba ya ratsa ciki sosai, sai wandon ya riƙa koɗewa a gwiwa da cinya. Duk wanda ya taɓa naɗa rawani ɗan Kura ya ga yadda yake shafe masa goshi ya san halin wannan launi. Ita ma farar rigar nan mai gajeren hannu marar kwala, rigar ciki ce ta sojojin ruwa, kamar singileti. Fita da ita tsakar titi a wancan zamani daidai yake da fita ba a gama shiri ba.

Silima ce ta ɗauko waɗannan kaya daga jikin lebura ta ɗora wa ɗan gata. A ƙarshen 1953 aka fito da fim ɗin The Wild One, inda Marlon Brando ya fito a matsayin shugaban 'yan babur, sanye da baƙar rigar fata da jins an naɗe ƙafarsa. Hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana nuna shi har shekara 14. A 1955 kuma sai ga Rebel Without a Cause, da James Dean cikin jar riga da farar ta ciki da jins, ɗan masu hali ne amma ba ya jituwa da iyayensa. Dean ya mutu a haɗarin mota ran 30 ga Satumba 1955 yana ɗan shekara 24, kafin a fara nuna fim ɗin, abin da ya ƙara masa farin jini ke nan. Amma duk finafinan nan biyu babu rok-an-rol a cikinsu. Wanda ya ɗaura auren kiɗan da shigar shi ne Blackboard Jungle, na watan Maris 1955, labarin malami da kangararrun ɗalibai, wanda Sidney Poitier ya fito a ciki. An buɗe fim ɗin da waƙar Bill Haley mai suna Rock Around the Clock, da ƙara sosai. Waƙar ta yi kusan shekara a kasuwa ba ta yi wani tasiri ba, amma bayan fim ɗin sai ta hau kan gaba a jerin fayafayan Amurka, ta yi mako 8 a can. Daga ranar nan, a idon iyaye da malamai, wannan kiɗa da wannan wando da rashin kunya duk abu ɗaya ne.

Shi Bill Haley kansa ba wanda yaro zai kwaikwaya ba ne. Ya kai shekara 30, ga ƙiba, ga kwat mai zanen dara. Wanda aka kwaikwaya shi ne Elvis Presley.

An haifi Elvis a 1935 a garin Tupelo, cikin talauci na sosai, iyayensa suka koma Memphis a 1948. A Memphis akwai wani titi, Beale, inda baƙaƙen fata ke da gidajen rawarsu da shagunansu. A kan titin akwai kantin 'yan uwan Lansky, Yahudawa ne, da suka fara da sayar da ragowar kayan soja a 1946, daga baya suka koma kayan ƙawa irin na makaɗan titin: riga ruwan hoda, wando baƙi mai faɗin cinya da tsukakken ƙafa, kwat mai walƙiya. Ɗan farar fata na kirki ba ya shiga nan. Elvis kuwa tun yana ɗan makaranta yake tsayawa yana leƙen tagar kantin, da ya fara samun kuɗi kuma can ya nufa. A lokacin da sa'o'insa ke yin aski ƙasa-ƙasa irin na soja, shi sai ya tara gashi, ya shafe shi da mai, ya tayar da tukku a goshi, ya bar saje irin na direbobin manyan motoci, ya ɗaga kwalar riga. 'Yan ajinsu dariya suke yi masa. A watan Yuli 1954, yana direban motar wani kamfanin lantarki, ya yi faifansa na farko a kamfanin Sun. Ran 9 ga Satumba 1956 ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 60 suka kalle shi, wato kusan ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da kayan da ke ɗauke da sunansa na dala miliyan 22, riguna, huluna, safa, jan-baki, har da jins. Abin dariyar shi ne, shi Elvis ba ya son jins. In ba don fim ba, da wuya a gan shi da shi, domin yana tuna masa da zamanin da ba shi da wani wandon sai shi. Ɗan talaka na gudun rigar talauci, 'ya'yan masu kuɗi na rububinta.

Mu dai a ganinmu, nan ne gishirin labarin yake. Adon da duniya ta sani da sunan Elvis, yawancinsa a jikin baƙaƙen fata ya gan shi. Tun shekarun 1940 samarinsu ke sa doguwar kwat mai faɗin kafaɗa da wando kamar buje, kuma a watan Yuni 1943 sojojin ruwa suka bi titunan Los Angeles suna dukan masu irin wannan shiga, yawanci 'yan asalin Meksiko, suna tuɓe su. Tukkun ma haka. Baƙar fata ba ya samun gashi mai kwanciya sai ya sha wuya: a dama soda mai ƙuna, irin ta yin sabulu, da ƙwai da dankali, a shafa a ka, a daure wa zafin har gashi ya miƙe, wani lokaci har fatar kai ta saluɓe. Malcolm X ya ba da labarin nasa a littafin tarihin rayuwarsa, yana mai takaicin abin. To duba wannan zagaye. Baƙi ya ƙona kansa don gashinsa ya yi kama da na Bature, ya tayar da shi ya yi tukku, sai ɗan Bature ya gani ya yi sha'awa ya kwaikwayi baƙin. Little Richard, wanda ya yi wankin kwanoni a tashar mota a garin Macon kafin waƙarsa Tutti Frutti ta fito a 1955, tukkunsa ya fi na kowa tsawo, ga hoda ga kwalli. Shi da bakinsa ya ce kwalliyar ta taimake shi, domin farare ba su ɗauke shi wanda zai yi musu barazana a kan 'ya'yansu mata ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanonin faifai sukan ɗauki waƙar baƙi su ba wani farar fata mai ladabi ya sake rerawa. Pat Boone, mai fararen takalma da aski tsaf, ya maimaita Tutti Frutti, tasa ta fi ta mai ita hawa sama a jerin fayafayai. Fararen takalman nasa ma suka zama yayi a wurin yaran da iyayensu ba za su lamunci tukku ba. Ashe ko a cikin yayin akwai na masu kunya da na marasa ita.

Zancen takalmi ya kawo mu ga Carl Perkins, ɗan manoman haya a jihar Tennessee, wanda ya tsinci auduga yana yaro. A farkon 1956 ya fitar da Blue Suede Shoes, aka sayar da fiye da miliyan guda. Waƙar gaba ɗayanta a kan takalmi take, na fata mai laushi shuɗiya, da saurayin da ya fi tsoron a taka masa su fiye da duk wata asara. Wanda bai san talauci ba zai ce shirme ne. Amma mu da muka san abin da takalmin Sallah yake a wurin yaro, mun gane inda ya dosa.

'Yan mata fa? Nasu ya fi sauƙin bayani, domin rawar ce ta yanka musu kayan. Rawa ce ta juyi da tsalle, namiji ya riƙe hannun mace ya wulwula ta. Saboda haka sai siket mai faɗi da aka yanka da'ira guda, wanda in an juya zai buɗe kamar laima, a ƙarƙashinsa fatari biyu ko uku an sa musu sitaci sun yi ƙyam. Wata mata a California, Juli Lynne Charlot, ita ta fara yin irinsa a 1947 da matsattsen ulu, wai don ba ta iya ɗinki sosai ba, kuma irin wannan yadi ba ya bukatar kalmasa. Daga baya ta liƙa masa hoton ɗan kare, sai abin ya karɓu. A ƙafa kuma gajeriyar farar safa da takalmi marar tsini, gashi a ɗaure baya kamar jelar doki don kada ya rufe ido. Wata mawaƙiya, Wanda Jackson, ta ƙi kayan kaboyi da mata masu waƙar ƙauye ke sawa, uwarta ta riƙa ɗinka mata matsattsun riguna masu geza, waɗanda in ta motsa kaɗan sai su yi ta rawa da kansu.

Babban telan 'yan mata kuwa talabijin ne. Daga 5 ga Agusta 1957 aka fara watsa shirin American Bandstand daga birnin Philadelphia zuwa ƙasa baki ɗaya, da yamma bayan an tashi makaranta. Ba wani abu ake yi ba illa a saka faifai, yaran unguwa su yi rawa, kyamara na ɗauka. Mai shirin, Dick Clark, ya san abin da iyaye ke tsoro, sai ya kafa doka: namiji kwat da laktaye, mace siket, babu jins. Baƙaƙen yara kuwa, da kiɗansu ake rawa, kusan ba a ganinsu a zauren a shekarun nan. Duk abin da 'yan rawar nan suka sa yau, gobe ana nemansa a kantunan jihohi masu nisa. Akwai 'yan matan makarantun Katolika da ke zuwa da kayan makaranta, sai su ɗora rigar sanyi a kai don kada malamansu su gane, 'yar kwalar rigar makarantar tana leƙowa a wuya. Masu kallo suka ɗauka sabon yayi ne, suka yi ta rubuto wasiƙu suna tambayar inda ake sayar da kwalar Philadelphia.

Manya ba su zauna ba. Makarantu da yawa suka hana jins da rigar fata da askin da ake kira gindin agwagwa, wanda ake taje gashin gefe biyu ya haɗu a ƙeya. Masu masaƙun yadin jins suka tsorata har suka kafa ƙungiya don wanke sunan hajarsu, kamfanin Levi's ya riƙa buga talla da hoton yaro mai tsafta riƙe da littattafai, wai wandon ya dace da makaranta. Sai dai ba duk masu adawar ne tarbiyya ta dame su ba. A jihar Alabama ƙungiyoyin masu ƙin baƙar fata suka ce kiɗan dabara ce ta cakuɗa jinsi, kuma a watan Afrilu 1956 wasunsu suka hau dandali a Birmingham suka kai wa Nat King Cole duka, mutumin da ko rok-an-rol ɗin ba ya yi. A 1957 aka soke shirin talabijin na Alan Freed bayan an nuno wani yaro mawaƙi baƙi, Frankie Lymon, yana rawa da farar yarinya.

A Ingila labarin ya ɗan bambanta, kuma ya fi ɗaci. Can a wancan zamani yaro kan bar makaranta yana shekara 15, sai ya kai 18 a ɗauke shi aikin soja na dole. Shekara ukun nan na tsakani yana da albashi, ba shi da nauyi. Bayan an daina rabon tufafi da kati a 1949, manyan telolin titin Savile Row a Landan suka farfaɗo wa 'ya'yan masu sarauta da ɗinkin zamanin Sarki Edward na 7, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910: doguwar kwat har kusa da gwiwa, kwala ta karammiski, wando tsuke. Sai 'ya'yan leburorin kudancin Landan suka ɗauka, suka kai wa telolin unguwa, suna biya kaɗan-kaɗan kuɗin da ya kai albashin makonni, suka ƙara da takalmi mai kaurin tafi na roba da siririn zare a wuya. Da masu sarautar suka ga haka sai suka yar da nasu. A 1953 jaridar Daily Express ta taƙaita sunan Edward ta kira yaran Teddy, sunan ya bi su. Ka ga su ma kayansu sun riga kiɗan, jira kawai suke yi. Da fim ɗin Rock Around the Clock ya iso a 1956 suka yi ta rawa a tsakanin kujerun silima, wasu suka yayyaga kujerun, garuruwa da dama suka hana nuna shi. Kuma a ƙarshen Agusta 1958, a unguwar Notting Hill, da yawa cikin waɗanda suka yi kwanaki suna farautar baƙin da suka zo daga Jamaika da sauran tsibiran yankin, suna fasa musu gidaje, 'yan Teddy ne. Da tukkun Little Richard a kansu, da waƙarsa a bakinsu, suka ɗauki sanda suka bi ɗan uwansa. Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba, wannan ba labarin da za mu karanta mu wuce ba ne, mun san yadda ake son hajar baƙo a ƙi fuskarsa.

Sauran ƙasashe kowa ya samu rabonsa. A Faransa jaridu suka sa wa yaran suna masu baƙar riga, a Jamus aka kira su da sunan da ke nufin rabin ƙarfi. A Tarayyar Sobiyat, inda gwamnati ta hana fayafayan, samari suka riƙa kwafar waƙoƙin a kan tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti, a yanka su da'ira da almakashi, a huda tsakiya da wutar sigari.

Zangon farko bai daɗe ba. Little Richard ya bar waƙa a 1957 ya koma wa'azi. A watan Maris 1958 aka ɗauki Elvis soja, 'yan jarida suka taru suna ɗaukar hoto wanzamin soja na zubar da tukkun nan ƙasa. Buddy Holly, wanda ya sa yara masu tabarau suka daina jin kunyarsa, ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 3 ga Fabrairu 1959. Alan Freed ya rasa aikinsa a badaƙalar karɓar na-goro daga kamfanonin faifai, ya mutu a 1965 ba shi da komai. Kiɗan ya lafa, tufafin suka zauna daram. A 1960 kamfanin Levi's ya daina kiran hajarsa kayan aiki a tallarsa, ya koma kiran ta jins, yadda yara ke kiran ta.

To ta ina abin ya iso mu? A shekarun samun 'yancin kai, kiɗan da ke tashe a Legas da Ibadan hailaif ne, na su Bobby Benson da Victor Olaiya, sai kuma juju da apala. A Sabo kuwa kalangu ne da goge, da fayafayan Shata. Rok-an-rol bai kori ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta ido ya shigo. Ran 31 ga Oktoba 1959 aka buɗe WNTV a nan Ibadan, tashar talabijin ta farko a ƙasar nan, ga gidajen silima irin su Scala da Rex da Odeon, ga mujallar Drum da hotunanta, ga ɗaliban da ke dawowa daga Ingila da akwatunan kaya. Rawar tuwis ta Chubby Checker, wadda ta fito a 1960, ta shiga makarantun sakandare na Kudu tare da wandonta tsuke da takalminta mai tsinin baki. Kalmar gaye ma da muke cewa, ɗan gaye, 'yan gayu, daga Turanci muka are ta.

Amma hanyar da ta fi kusa da Bahaushe ta Bombay ce. Dattawanmu da yawa da ba su taɓa zama sun saurari Elvis ba sun san Shammi Kapoor. A 1957, don fim ɗin Tumsa Nahin Dekha, ya aske gashin baki ya yi askin gindin agwagwa, ya zo da rawar girgiza kafaɗa, har mutanen ƙasarsu suka riƙa kiran sa Elvis na Indiya. A Teesri Manzil na 1966 makaɗin ganga ya fito a gidan rawa, sunansa Rocky. Saboda haka saurayin da ya fito daga kallon Indiya ya tsaya gaban madubi yana tayar da gashin goshi da basilin, a zatonsa ɗan Indiya yake kwaikwayo, alhali tukkun daga titin Beale ya taso, ya bi ta Bombay, kana ya sauka a Sabo. Wasu daga cikin samarin nan su ne yau ke da furfura suna tsawata wa jikoki.

Sa wa tufafi sunan abin da ke tashe kuwa ba a wurin Bature muka koya ba. Muna da hula Zanna Bukar, muna da ɗinkin tazarce tun 1998. Maƙwabtanmu na da oleku, daga fim ɗin Tunde Kelani na 1997, kuma waƙar Joromi ta Victor Uwaifo, ta 1965, har yadi aka sa wa sunanta a Gana. James Brown, wanda ya watsar da gashin soda a 1968 ya bar nasa na asali, ya zo Legas a watan Disamba 1970, kuma a shekarun da suka biyo baya samarin Kudu suka koma tara gashi curi guda da wando mai sharar ƙasa. Shi jins kuwa, sai da dilolin gwanjo suka yawaita ya zama na kowa, har ya kai ga ɗan acaɓa da mai turin baro da yaron mahauta a kara, wato ya koma hannun masu aikin ƙarfi, irin mutanen da Jacob Davis ya buga wa ƙusoshin tun farko. Telolinmu na Sabo kuma sun daɗe da gano cewa 'yar shara in an ɗan rage mata tsawo tana hawa kansa daidai, hula kuma ba ta ce komai ba.